Lambar da ke fitowa daga ninka hatsi a gidaje 64: waɗanne lambobi ne ke raba ta?

Malamar lissafi, Gombe

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a cikin garin Gombe, kuma a ƙungiyar lissafi ta ɗalibanmu mun ɗauko tsohuwar mas'alar nan ta hatsi da allon shaɗaranji, wato darar da ke da gidaje 64, takwas a tsaye takwas a kwance. Ana ajiye ƙwaya 1 a gidan farko, 2 a na biyu, 4 a na uku, 8 a na huɗu, ana ta ninkawa har a kai gida na ƙarshe. Jimillar da littattafai ke bayarwa ita ce 18,446,744,073,709,551,615, lamba mai alƙaluma 20, wadda ake rubutawa a taƙaice 2^64 − 1, wato 2 sau 2 sau 2 har guda 64, sannan a ɗebe 1.

Abin da ya kawo ni nan shi ne, wata ɗaliba ta karanta cewa manyan lambobi gagara-rabo, waɗanda babu mai raba su ba saura sai 1 da su kansu, daga irin wannan siffa ta 2^n − 1 ake samo su, don haka ta tambaya ko wannan ma tana cikinsu. Na nuna mata cewa lambar ta ƙare da 5, saboda haka 5 na raba ta, kuma idan aka tara alƙalumanta ana samun 87, wanda 3 ke rabawa amma 9 ba ta rabawa. Bayan 3 da 5 kuwa, hanyoyin da muke koyarwa a aji ba su kai mu ko'ina ba, domin lambar da ta rage tana da alƙaluma 19. Ina so a taimaka mini da cikakken jerin lambobin da ke raba ta, da kuma hanyar da zan nuna wa ɗalibai a kan allo har su gamsu da idonsu, ba wai in ce musu na'ura ce ta faɗa ba. Sannan da muka gwada lissafin a manhajar jadawali ta kwamfutar makaranta, sai ta ba mu 18,446,744,073,709,600,000, abin da ya sa wasu ɗalibai suka fara shakkar littafin. Wanne ne daidai, kuma mene ne ya kawo saɓanin?

Tsohon malami, Bauchi

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika ƙi yarda ɗalibai su karɓi amsa ba tare da hujja ba. Littafin ne ke da gaskiya, kuma zan bar wa masana kwamfuta bayanin abin da ya sami manhajar. Ni zan tsaya a kan rabon, domin a ganina wannan lamba na daga cikin mafi dacewa da aji, saboda duk da girmanta, kusan dukkan sirrinta yana kwance a kan allon shaɗaranjin kansa.

Ki fara da tabbatar musu da jimillar. 1 da 2 sun zama 3, wato 4 ba 1. Idan aka ƙara 4 an sami 7, wato 8 ba 1. Idan aka ƙara 8 an sami 15, wato 16 ba 1. Kullum abin da aka tara yana gaza abin da ke gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak, kuma dalilin a fili yake: idan abin da ke hannu ya gaza gida na gaba da ɗaya, aka haɗa su, dole jimillar ta gaza ninkin gidan da ɗaya. Gida na 64 yana ɗauke da 2^63, wato 9,223,372,036,854,775,808, don haka jimillar duka ita ce ninkin wannan ba 1. Alƙalamin ƙarshe na jimillar ma ana iya saninsa ba tare da an yi doguwar ninkawa ba, domin ƙarshen 2, 4, 8, 16, 32, 64 yana zagayawa ne a kan 2, 4, 8, 6, kuma da yake 4 na raba 64, zagayen ya tsaya a kan 6. Ɗebe 1 ya bar 5. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa amsar da ta ƙare da sifili ba za ta zama daidai ba.

Yanzu ki raba allon gida biyu, layi huɗu a sama, layi huɗu a ƙasa. Rabin farko yana da gidaje 32, jimillarsa 2^32 − 1, wato 4,294,967,295. Kowane gida a rabi na biyu yana ɗauke da abin da ke gidan da ya yi daidai da shi a rabin farko sau 2^32, domin an yi ninki 32 a tsakaninsu. Ke nan rabi na biyu gaba ɗaya shi ne rabin farko sau 4,294,967,296, kuma idan aka haɗa da rabin farkon kansa, jimillar ta zama 4,294,967,295 sau 4,294,967,297. Wannan ita ce ƙa'idar bambancin murabba'i biyu da ɗalibanki suka riga suka sani, a² − b² = (a − b)(a + b), sai dai a nan suna ganinta da hatsi maimakon haruffa. Ki maimaita wannan dabara a kan rabin farko: 4,294,967,295 shi ne 65,535 sau 65,537. Ki sake maimaitawa: 65,535 shi ne 255 sau 257, 255 kuma 15 sau 17, 15 kuma 3 sau 5. Ba a yi rabawa mai wahala ko ɗaya ba, amma ga shi mun sami

3 × 5 × 17 × 257 × 65,537 × 4,294,967,297.

Biyar na farko duk gagara-rabo ne. Ɗalibai za su iya tabbatar da 257 cikin minti kaɗan, domin ba sai an gwada abin da ya wuce 13 ba. Ita 65,537 tana bukatar a gwada gagara-rabo har zuwa 251, guda 54 ke nan, aikin da za a iya rarraba wa 'yan ƙungiya.

Inda maganar take da daɗi shi ne a kan ta shida. Waɗannan lambobi shida duk siffarsu ɗaya: 2^1 + 1, 2^2 + 1, 2^4 + 1, 2^8 + 1, 2^16 + 1, da 2^32 + 1. Ana kiransu lambobin Fermat, da sunan Pierre de Fermat, wani alƙali a birnin Tulus na Faransa wanda lissafi ya kasance abin sha'awarsa. A 1640 ya rubuta wa abokansa cewa yana da ƙarfin zaton duk lambobin wannan siffa gagara-rabo ne, ko da yake ya faɗa da kansa cewa bai kammala hujja ba. Maganar ta zauna haka sama da shekara 90, har 1732, lokacin da Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a Rasha, ya nuna cewa 4,294,967,297 ita ce 641 sau 6,700,417. Ki sa ɗalibai su ninka da hannu: 6,700,417 sau 600 ya ba da 4,020,250,200, sau 40 ya ba da 268,016,680, sau 1 ya ba da ita kanta, kuma jimillar ukun ita ce 4,294,967,297 cif.

Ɗalibi mai kaifin basira zai tambaya yadda aka yi Euler ya faɗa kan 641, kuma tambayar ta fi amsar muhimmanci. Ba gwaji barkatai ya yi ba. Daga baya ya bayyana cewa duk gagara-rabon da zai raba 2^32 + 1 dole ya kasance ninkin 64 da ƙarin 1. Idan aka jera irin waɗannan, aka zubar da waɗanda ba gagara-rabo ba, sai a sami 193, 257, 449, 577, 641. Gwaji na biyar ke nan. A 1878 Édouard Lucas ya ƙara matse sharaɗin zuwa ninkin 128 da ƙarin 1, wanda ya bar 257 da 641 kawai a farkon jerin.

Akwai kuma wata gajeriyar hujja da aka samo daga baya, wadda nake ganin ta cancanci darasi guda. Lambar 641 tana da fuska biyu: ita ce 5 × 128 + 1, kuma ita ce 625 + 16. Mu yi lissafin saura kawai, wato duk inda 641 ta cika mu ajiye ta gefe. Fuskar farko ta ce 5 × 2^7 tana matsayin −1. Idan aka ninka wannan da kansa har guda huɗu, 625 × 2^28 tana matsayin +1. Fuska ta biyu ta ce 625 tana matsayin −16, wato −2^4. Idan aka sa wannan a gurbin 625, sai −2^32 ta zama a matsayin +1, ma'ana 2^32 + 1 ba ta barin saura. Layi huɗu ne a kan allo, kuma babu lambar da ta wuce alƙaluma uku da aka taɓa.

Sauran aiki shi ne tabbatar da cewa 6,700,417 ba ta ƙara rabuwa. Tushen murabba'inta, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ita, bai kai 2,589 ba, kuma bisa sharaɗin Lucas, gagara-rabon da ke ƙasa da haka masu siffar da ake bukata biyar ne kacal: 257, 641, 769, 1,153 da 1,409. Babu wadda ta raba ta. Saboda haka cikakken rabon shi ne

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417.

Gagara-rabo bakwai ne, kowanne sau ɗaya. Domin a gina wata lamba da ke raba babbar, kowanne daga cikin bakwai ɗin ana ɗaukarsa ko a bar shi, don haka adadin masu raba ta shi ne 2^7, wato 128, har da 1 da ita kanta. Idan aka tara 127 ɗin da ke ƙasa da ita, jimillarsu tana kusan kashi 70 cikin 100 na lambar, ke nan ba ta cikin kamilan lambobi irin 6 da 28, waɗanda masu raba su ke haɗuwa su ba da su daidai.

Mai rubuta manhaja, Azare

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, bayanin ya wadatar. Malama, game da saɓanin da kika gani, ba kwamfutar makarantarku ce ta lalace ba, haka aka gina mafi yawan manhajojin jadawali da kalkuletocin waya. Suna ajiye lamba ne a wani tsari da ke ware wuri 53 kawai na sifili-da-ɗaya domin ainihin alƙaluman, sauran wuraren kuma na nuna girman lambar da alamarta. Da wannan tsari ana iya riƙe kowace cikakkiyar lamba daidai har zuwa 2^53, wato 9,007,199,254,740,992. Daga nan sai giɓi ya fara shiga tsakani, kuma a yankin da lambarku take, tazarar da ke tsakanin lambobi biyu da tsarin ke iya riƙewa ta kai 2,048. Ke nan idan kika ce a ɗebe 1 daga 2^64, na'urar ba ta da inda za ta ajiye sakamakon, sai ta mayar da shi 2^64. A kan wannan kuma, wasu manhajojin ba sa nuna fiye da alƙaluma 15 na farko, suna cike sauran da sifili. Ki duba amsar da kuka samu: alƙaluma 14 na farko daidai suke da na littafi, na 15 kuma an ɗaga shi daga 5 zuwa 6 saboda abin da ke biye da shi. Idan kuna da Python, wani harshen rubuta manhaja, a kwamfutar, shi yana riƙe cikakkun lambobi komai tsawonsu, kuma zai ba ku alƙaluman 20 ba tare da ragi ba.

A wurinmu masu wannan sana'a, lambar nan sananniya ce ƙwarai. Idan aka rubuta ta a tsarin sifili-da-ɗaya, ɗaya ce guda 64 a jere, babu sifili ko guda, kuma wannan shi ne allon shaɗaranjin kansa: kowane gida wuri ne, darajarsa ninkin na bayansa, kuma duk an cika su. Saboda haka ita ce lamba mafi girma da ma'ajiya mai bit 64, wato wuri 64 na sifili-da-ɗaya, ke iya ɗauka idan ba a ware wurin alamar ɗebewa ba. Idan aka ƙara mata 1, kowane wuri yana juyewa sifili yana miƙa ɗaya ga na gaba, har ɗayan ƙarshe ya rasa wurin zama, ma'ajiyar ta koma 0. Shi ya sa idan manhaja ta yi kuskuren ɗebe 1 daga 0 a irin wannan ma'ajiya, sai a ga 18,446,744,073,709,551,615 ta bayyana a fuskar na'ura. Rabin allon da Baba ya ambata ma yana da aiki a wurinmu, domin 4,294,967,295 ita ce iyakar ma'ajiya mai bit 32, kuma tsohon tsarin adireshin intanet, IPv4, adireshi 4,294,967,296 kawai yake iya bayarwa, abin da ya tilasta ƙirƙiro IPv6 mai bit 128. Ita kuma 65,537 ana yawan amfani da ita a tsarin ɓoye saƙo na RSA, saboda gagara-rabo ce kuma a tsarin sifili-da-ɗaya ɗaya biyu kawai gare ta, abin da ke sauƙaƙa lissafi.

Ɗan kasuwar hatsi, Tudun Hatsi, Gombe

Malama, ina ganin ɗalibai za su fi jin nauyin lambar idan aka auna musu ita da buhu. Mu ƙaddara cewa ƙwayar alkama 1,000 tana da nauyin giram 40, to buhu mai kilo 100 zai ɗauki ƙwaya 2,500,000. Layin farko na allon, ƙwaya 255, giram 10 ne da ɗan kai. Layi biyu, ƙwaya 65,535, sun kai kilo 2.6. Layi uku sun kusa buhu 7. Layi huɗu, wato rabin allon, buhu 1,718 ne, wanda tirela shida masu ɗaukar buhu 300 za su kwashe har da sauran wuri. Har zuwa nan babban ɗan kasuwa ɗaya zai iya cika alkawarin. Amma kowane sabon layi yana ninka abin da ya gabata kusan sau 256, don haka a layi na biyar an haura buhu 439,000, a ƙarshen allon kuma an kai buhu tiriliyan 7.4, kimanin tan biliyan 738. Alkamar da duniya gaba ɗaya ke nomawa a shekara a wannan zamani tana kusan tan miliyan 800, ke nan ana maganar noman sama da shekara 900.

Ina kuma da tambaya ga Malam na Bauchi. Darar da muke yi a nan gurabe 30 gare ta, biyar sau shida. Idan aka yi mata irin wannan ninki, jimillar ita ce 1,073,741,823, kimanin buhu 429. Na lura cewa 7 da 9 suna raba wannan, alhali ba sa raba ta shaɗaranji, duk da cewa hanyar gina su ɗaya ce. Mene ne dalili?

Almajirin ilimi, Misau

Ina so in ƙara abu ɗaya ta fuskar tarihi, domin ɗalibai su san cewa malaman Musulunci sun daɗe da wannan lissafi. Ibn Khallikan, babban alƙalin Dimashƙa wanda ya rasu a 1282, ya kawo labarin mai hikimar nan na Indiya da ya ƙago shaɗaranji, ya roƙi sarki ladan hatsi ta wannan hanya, sarki ya raina roƙon har sai da ma'aikatan baitulmali suka zauna lissafi. Tun kafin shi, Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya fitar da jimillar, kuma hanyarsa ita ce a ɗauki 16 a ninka ta da kanta a sami 256, a ninka 256 da kanta a sami 65,536, a ninka wannan da kanta a sami 4,294,967,296, a sake ninka wannan da kanta, sannan a ɗebe 1. Ninkawa huɗu ke nan maimakon 63. Allah ya gafarta Malam, idan na fahimta daidai, matakan da ka sauka a kansu wajen rabawa su ne Albiruni ya hau a kansu wajen ginawa, domin 257, 65,537 da 4,294,967,297 su ne lambobinsa da ƙarin 1.

Malamar lissafi, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Rabon allon gida biyu shi zan fara kai wa aji, sannan hujjar 641. Amma Malam, tambayar ɗalibata tana nan da sauranta: idan 2^64 − 1 ta rabu har gida bakwai, me ya sa ake cewa daga wannan siffa ake samun manyan gagara-rabo? Ina ganin amsar tana da alaƙa da tambayar Alhaji game da dara.

Tsohon malami, Bauchi

Haka ne, Malama, ƙa'ida ɗaya ce ke amsa tambayoyin biyu, kuma fahimtar ɗan'uwanmu na Misau daidai take. Ƙa'idar ita ce: idan a na raba n, to 2^a − 1 na raba 2^n − 1. A kan allo ma'anarta ita ce, idan gidajen suna kasuwa rukuni-rukuni daidai wa daida, kowane rukuni ninki ne na rukunin farko, saboda haka jimillar rukunin farko tana raba jimillar duka.

Alhaji, gurabe 30 suna kasuwa uku-uku, kuma ukun farko sun tara 7, shi ya sa 7 ta raba lambarka. Suna kasuwa shida-shida, shidan farko sun tara 63, wato 9 sau 7, daga nan 9 ta fito. Suna kasuwa biyar-biyar, wanda ya kawo 31, da goma-goma, wanda ya kawo 1,023, wato 3 × 11 × 31. Cikakken rabon 1,073,741,823 shi ne 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, masu raba ta kuma 96 ne. Gidaje 64 kuwa ba sa kasuwa sai 2, 4, 8, 16 ko 32. Idan aka kasa su uku-uku, gida ɗaya zai yi saura, shi ya sa idan aka raba babbar lambar da 7 ake samun saura 1. Ɗalibai za su iya jin wannan ta kwanakin mako: idan yau Juma'a ce, bayan kwana 18,446,744,073,709,551,615 ranar za ta kama Asabar.

Daga wannan ƙa'ida amsar ɗalibarki ta fito. Kafin 2^n − 1 ta zama gagara-rabo, wajibi ne n kanta ta kasance gagara-rabo, domin muddin gidajen suna kasuwa, jimillar ma za ta rabu. 64 kuwa tana kasuwa ta hanya biyar, don haka tun kafin a taɓa alli an san hukuncinta. Amma ina roƙon ki jaddada musu cewa sharaɗin wajibi ne kawai, bai wadatar ba, domin a nan ne ɗalibai ke yawan zamewa. 11 gagara-rabo ce, amma 2^11 − 1, wato 2,047, ita ce 23 sau 89. Marin Mersenne, wanda ake kiran waɗannan lambobi da sunansa, ya fitar da jerinsa a 1644, ya sa 67 da 257 a ciki alhali ba su cancanta ba, ya kuma tsallake 61, 89 da 107 alhali sun cancanta. Maƙwabtan 64 ɗin nan biyu sun isa misali. A 1883 Ivan Pervushin na Rasha ya tabbatar da cewa 2^61 − 1, wato 2,305,843,009,213,693,951, gagara-rabo ce. A 1903 kuma Frank Cole na Amurka ya nuna cewa 2^67 − 1 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. Abin da ya sa manyan gagara-rabon da aka sani suka fi fitowa daga wannan dangi shi ne akwai wani gwaji na musamman, na Lucas da Lehmer, mai saurin yanke hukunci a kansu fiye da yadda ake iya yi wa sauran lambobi masu irin girmansu. Da shi aka tabbatar da 2^136,279,841 − 1 a watan Oktoba na 2024, lamba mai alƙaluma 41,024,320. Idan kuma ɗalibai suna son gagara-rabon da ya fi kusa da lambarsu ta ƙasa, shi ne 2^64 − 59, wato 18,446,744,073,709,551,557.

Akwai wani hali na lambar da ban ambata ba. Da yake 8 na raba 2^64, lambarmu tana barin saura 7 idan aka raba ta da 8. Kowane murabba'i kuwa, idan aka raba shi da 8, sauransa 0 ne ko 1 ko 4, abin da ɗalibai za su tabbatar ta gwada 0 zuwa 7. Babu yadda za a haɗa biyu ko uku daga cikin 0, 1 da 4 a sami saura 7. Ke nan lambar ba murabba'i ba ce, ba jimillar murabba'i biyu ba ce, ba kuma ta uku ba. Sai an kai huɗu, kuma Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu suna isar kowace cikakkiyar lamba.

Abu na ƙarshe ya shafi zane da rula da kamfas. A 1796 Carl Friedrich Gauss, yana da shekara 18, ya gano cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da waɗannan kayan aiki biyu kaɗai, abin da masana lissafin Girka ba su kai gare shi ba. Ƙa'idar da ya fitar, wadda Pierre Wantzel ya cika ɗaya ɓangarenta a 1837, ita ce siffa mai gefe wutiri, wato adadin gefen da 2 ba ta rabawa, tana zanuwa ne kawai idan adadin gefenta ya ginu daga gagara-rabon Fermat mabambanta, kowanne sau ɗaya. Biyar kaɗai aka sani, 3, 5, 17, 257 da 65,537, kuma idan aka ninka su duka ana samun 4,294,967,295, jimillar rabin allon. Saboda haka siffa mai wannan adadin gefe tana zanuwa a ƙa'ida, kuma ita ce mafi girma cikin masu gefe wutiri guda 31 da aka san suna zanuwa. Siffa mai gefe 18,446,744,073,709,551,615 kuwa ba ta zanuwa, saboda 641 da 6,700,417 ba su cikin dangin Fermat. Ta bakwai a jerin Fermat, 2^64 + 1, wadda ta ɗara lambarku da 2 kawai, ita ma ta rabu zuwa 274,177 sau 67,280,421,310,721. Idan aka ƙidaya 3 a matsayin F0, 5 a matsayin F1, aka ci gaba haka, an tabbatar da cewa daga F5 har zuwa F32 babu gagara-rabo ko ɗaya, F33 kuma ita ce ta farko da har yanzu masana ba su yanke hukunci a kanta ba.